Kuɗin Wuta a Bazara: Gaskiya da Jita-jita a Vinikilang

Da zarar Maris ya kama, zafin Yola ya haura digiri 40, sai maganar ta dawo bakin mutane daga Jimeta har tsallaken gada, Vinikilang da Bajabure da Damare: wai kamfanin wuta yana ƙara kuɗin yunit a ɓoye idan ya ga jama'a sun matsu. Shaidar da ake kawowa ita ce katin dubu biyar da ke kai mako biyu da sanyi ya koma ƙarewa cikin kwana biyar. Katin yana ƙarewa da wuri, wannan gaskiya ne. Amma dalilin da ake ba shi ba daidai ba ne, kuma wanda ya riƙe dalilin da ba shi ba zai kai kukansa inda ba a share hawaye.

A Najeriya farashin yunit ba ya hawa da sauka bisa yawan masu jan wuta. Akwai ƙasashe irin su Ingila da wasu jihohin Amurka da ake sayar da lantarki a kasuwa sa'a bayan sa'a, idan buƙata ta yi yawa a tayar da tashoshi masu tsadar aiki, farashi ya tashi. Mu a nan hukumar NERC ce ke yanke farashi, ta rubuta shi a takardar umarni, kamfanin YEDC mai raba wuta a Adamawa da Borno da Taraba da Yobe ya bi. Yunit ɗin da ka saya da tsakar ranar Afrilu da wanda ka saya da asubar Disamba kuɗinsu ɗaya, muddin hukumar ba ta sauya umarni ba kuma ba a sauya wa layinku rukuni ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda jita-jitar ta samo gindin zama. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana: A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuwa 4. Ranar 3 ga Afrilu 2024, ana tsakiyar zafi kuma ana azumi, NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane yunit. A watan Mayu aka sauke shi zuwa naira 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Sauran rukunai aka bar su a tsohon farashi. Wanda layinsa ke rukunin A ya kwana ya tashi kuɗinsa ya ninka sau uku, kuma ba laifinsa ba ne idan ya haɗa abin da zafi. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce faɗuwar naira, da kuɗin iskar gas da ake lissafa wa tashoshi da dala, da nauyin tallafin da gwamnati ke ɗauka. Saboda haka kafin ka zargi kowa, ɗauki rasidin katinka ka duba rukunin da aka rubuta da kuɗin kowane yunit. A nan ma za ka ga harajin VAT na kashi 7.5, da abin da aka cire idan akwai tsohon bashi a kan gidan.

Sai batun cewa mita tana gudu da zafi. Mita mai lafiya abin da gida ya ja take ƙirgawa, gida ne ya ƙara ci. Fankar sama tana jan kimanin wat 70; idan uku suka yi sa'a 20 suna juyawa, sun haura yunit huɗu a rana, alhali da hunturu ko kunna su ba a yi. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama tana cin wajen yunit ɗaya a sa'a: dare ɗaya na sa'a takwas a rukunin A ya kusa naira 1,700, a wata kuwa wajen dubu hamsin. Firji ma da sanyi yana yi yana hutawa, da zafi injinsa kusan ba ya tsayawa, balle a gidan da uwargida ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, ana buɗe murfi ana cusa ledojin ruwa masu ɗumi. Duk da haka mita na'ura ce, tana iya lalacewa. Kashe komai na gidan, ka zare filogi, ka tsaya gabanta: idan 'yar jar fitilar nan mai ƙyaftawa ba ta tsaya ba, ko dai akwai matsala a wayar gidan, ko wani ya jona, ko mitar na bukatar a gwada ta, kuma haƙƙinka ne ka nemi hakan a rubuce.

Inda cunkoson layi ke cin aljihunmu da gaske ya fi wannan zafi, kuma ba ya fitowa a rasidi. Ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200 abin da take turawa babban layi yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Mafi yawansa daga tashoshin gas na kudu yake fitowa, saura daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda ruwansu ke ja baya daidai lokacin da muka fi bukata. Yola kuma tana can ƙarshen hanya: wutar sai ta biyo ta Jos, ta ratsa Gombe, kafin ta iso. Mun ga abin da wannan ke nufi a Oktoba 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu.

Da yake ba a ƙara farashi don rage masu ja, sai a rage su ta hanyar ɗauke wuta: a ba wannan unguwa, a hana waccan. Wanda aka hana ya tayar da janareta. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga litar fetur, fetur ɗin da bai kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ya kuma haura dubu a ƙarshen 2024. Ko rukunin A bai kama ƙafar wannan tsada ba. Idan aka kawo wutar kuma, kowa ya kunna komai lokaci ɗaya, famfon rijiyar burtsatse da dutsen guga da firji, sai ta zo ba ƙarfi. Ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, injin firji yana gurnani yana zafi bai sanyaya komai ba, wata rana ya ƙone. Taransifomar da aka kafa don gidaje kaɗan, yanzu unguwa ta cika ta tumbatsa kamar yadda Vinikilang ke yi, ita ma ta buga. Daga nan sai a fara yawo da littafi gida-gida ana karo-karo. Ya kamata kowa ya sani: a ƙa'idar NERC, gyaran taransifoma da sayen turaku da waya nauyin kamfani ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba.

Ana kuma cewa maƙwabci mai walda ko mai injin niƙa yana sa bil ɗinka ya hau. Idan kana da mita, ba ya shafar lissafinka, ko da yake yana iya rage muku ƙarfin wuta. Idan ba ka da mita, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin bil na ƙiyasi daga abin da layin ya ci gaba ɗaya ake tsago shi. Shi ya sa tun Fabrairu 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a rubuta wa marar mita, kuma tana fitar da jadawalin iyakar. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai zagaye mita ya jona na'urar sanyaya ɗaki kai tsaye ba kamfani kaɗai yake cuta ba, yana ƙara wa taransifomar unguwa kaya, asarar kuma tana shiga lissafin da ake yanke farashi da shi.

Maganar cewa an sayar wa Nijar wutarmu shi ya sa muke duhu, rabinta ce gaskiya. Ana sayar wa Nijar da Benin da Togo, amma a Mayu 2024 NERC ta ƙayyade abin da za a fitar kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari. A Agusta 2023 ma an yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, amma watannin da suka biyo baya ba su zo mana da sauƙi ba.

Abin da na fi so mutanen unguwa su riƙe shi ne lissafin sa'o'i. Idan ana karɓar kuɗin rukunin A a wurinku, umarnin 2024 ya ce layin da ya yi kwana bakwai a jere bai cika sa'a 20 ba a sauke shi zuwa rukunin da ya dace. A samu mutum biyu su riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa a littafi, a kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfani, a karɓi shaidar an karɓa. Idan ba a warware ba, a wuce da takardun ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke Yola.