Sauri Ko Sannu: Yadda Ake Ƙayyade Gudun Jiragen Kwantena a Teku

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan karin magana ya tattara matsalar da kamfanonin jiragen ruwa masu dakon kwantena suke fama da ita, watau wane irin gudu ne zai fi rage musu tsada ba tare da ya kore musu masu kaya ba.

Tushen al'amarin yana cikin halin ruwa ne. Duk sa'ad da jirgi ya ƙara gudu, turjiyar da ruwa yake yi masa takan ƙaru fiye da yadda gudun ya ƙaru. Idan aka ninka gudun jirgi sau biyu, man da zai sha a yini yakan ninka wajen sau takwas. Alal misali, tsakanin Shanghai ta ƙasar Sin da Rotterdam ta Holan, ta mashigin Suwez, akwai kimanin mil 10,500 na teku. Jirgin da ke cin mil 24 a awa zai shafe kwana 18 a tafe, mai cin mil 18 kuwa sai ya yi kwana 24. To amma man da na biyun zai sha a yini bai kai rabin na farkon ba, kuma ko da an lissafa da ƙarin kwana shidan, zai tsimi fiye da kashi 40 cikin ɗari na man tafiyar.

Sai dai tafiyar sannu ma tana da nata kuɗin. Kamfanin da ya yi alkawarin jirginsa zai riƙa zuwa kowace tasha sau ɗaya a mako, in ya rage gudu tilas ne ya ƙara jirage a kan hanyar, ga albashin ma'aikata, ga inshora. Shi kuma mai kaya, kamar ɗan kasuwar Kano da ya sayo yadi daga Sin, jarinsa yana ɗaure muddin kayan suna bisa ruwa. Saboda haka gudun da ya fi dacewa shi ne wanda in an haɗa kuɗin mai da na jirage da na jinkiri, jimlar za ta fi ƙanƙanta. Wannan ma'auni kuwa ba ya tsayawa wuri guda, yana bin farashin mai ne.

Tarihin Malcom McLean, Ba'amurken da ya fara dakon kwantena a 1956, ya isa misali. A 1972 kamfanin Sea-Land da ya kafa ya fara karɓar jirage takwas masu cin mil 33 a awa. Ba a jima ba sai rikicin mai na 1973 ya auku, farashi ya ninka kusan sau huɗu, jiragen suka zama kaya, daga baya aka sayar da su ga sojan ruwan Amurka. Da McLean ya sayi kamfanin United States Lines, sai ya sa aka ƙera masa manyan jirage 12 waɗanda gudunsu bai wuce kusan rabin na farkon ba, bisa zaton mai zai ci gaba da tsada. Sai ga shi a 1986 farashin ya faɗi warwas, masu kaya suka koma wa jirage masu sauri, kamfanin ya karye a shekarar.

An sake ganin haka a 2008, lokacin da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, sannan kasuwar duniya ta durƙushe. Kamfanoni irin su Maersk na Denmak suka rage gudu daga mil 24 ko 25 zuwa ƙasa da 20, suka cusa jiragen da suka rasa aiki cikin hanyoyin. A 2013 Maersk ya fito da jirage masu ɗaukar kwantena 18,000 waɗanda tun daga ƙira aka nufe su da tafiyar sannu. Bugu da ƙari, daga 2023 dokokin hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hayaƙi sun sa jirage da yawa taƙaita ƙarfin injinsu. Amma a ƙarshen shekarar, da hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya suka sa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da wajen kwana goma, sai aka ga sun ƙara gudu don cike giɓi.

Har wa yau akwai ɓarnar da ba ta da wani amfani, watau jirgi ya ƙona mai yana sauri, ya iso tasha ya tarar babu wurin tsayawa, ya yi kwanaki yana jira. Sauri ya haifi nawa ke nan. Maganin da ake ƙoƙarin yi shi ne tasha ta sanar da jirgi lokacin da wuri zai samu tun yana tsakiyar teku, domin ya daidaita gudunsa ya iso a kan kari.

A taƙaice, babu wani gudu guda da za a ce shi ne daidai a kowane zamani. Jirgi kan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki, farashin mai kuwa yakan juya cikin 'yan watanni, don haka kamfanin da ya ƙera jirgi domin farashin yau kaɗai ya sa dukiyarsa cikin kasada.