Surame, Birnin Kanta Da Ya Koma Kufai

Mu da ke Kangire ba baƙi ne ga alamun mutanen dā ba. Ga zanen shanu nan a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, masu zanen kuwa ko sunansu bai iso mana ba. Amma akwai wani kufai a ƙasar Sakkwato wanda aka san mai shi, aka kuma san yadda ya mutu. Sunansa Surame.

Mai birnin shi ne Muhammadu Kanta. Da fari yaron Askiya Muhammadu ne, sarkin Songai. Ya bi shi yaƙin Agadas wajen shekara ta 1515, da aka zo rabon ganima sai Kanta ya ga an ƙware shi. Bai yi ta ƙorafi ba, ya janye mutanensa, ya ce daga yau Kabi ba ta bin kowa. Songai ta aiko da runduna, ya kore ta. Ku tuna fa, a zamanin nan babu daular da ta kai Songai ƙarfi a duk yammacin ƙasar baƙar fata.

To, mai irin waɗannan maƙiya dole ya nemi ganuwa. Garuruwanmu na Hausa da jar ƙasa ake kewaye su, shi kuwa Kanta da dutse ya yi tasa, ganuwa bayan ganuwa, da gwalalo, da ƙofofi masu tsaro. Dattawan Kabi suna cewa kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa an yanka mata nata ɓangaren gini. An ce Nufawa suka makara, sai aka hana su ruwa, aka ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya. An kuma ce yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, yana shawagi a Gulbin Kabi. Labarin man kaɗanyar nan mutane kan ba da shi da dariya. Ni dai ina ganin ba Banufen da ya yi dariya ran nan, kuma jikokinsa ba su manta ba.

Sarkin Barno ma ya kawo wa Surame yaƙi, bai ci ta ba. Kanta ya bi sawunsa har wajen Nguru. A hanyar komowa ne aka yi masa kwanto a ƙasar Katsina, kibiya ta same shi, ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16.

Kabi ba ta faɗi ran da ya mutu ba. Ta ƙara fiye da shekara 100 tana karɓar gandu, har ta ga bayan Songai, wadda sojan Maroko suka rushe a 1591. Haka Rum ta yi. Daular nan da Kaisar Augustas ya sa aka ƙidaya mutanenta ba dare ɗaya ta watse ba. Gotawan da suka washe birnin Rum a 410, da yawansu tsofaffin sojanta ne. Odowakar, wanda ya tuɓe sarkinta na ƙarshe na yamma a 476, shi ma hafsan rundunarta ne.

Kabi ma na kusa ne suka ci ta. A 1674 Agabba, ɗan sarkin Azbin, ya ƙwace ƙasar Adar daga hannunta. Zamfarawa da Gobirawa suka ga ƙofa ta buɗe, suka shiga. A farkon ƙarni na 18 sarki Tomo ya bar Surame, ya koma Birnin Kabi. Ganuwar dutsen ba ta rushe ba, mutanen da za su tsaya a kanta ne suka ƙare. Birnin Kabi kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci shi a 1805, daga baya zuriyar Kanta suka kafa zamansu a Argungu, inda sarautar take har yau.

Surame tana cikin ƙaramar hukumar Binji. A 1964 gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka miƙa sunanta ga UNESCO. Wanda ya je zai tarar da layin duwatsu cikin ƙaya da kuka, da makiyaya suna ratsa ƙofofin da awakinsu.