Allo a Tsakar Gida, Jari a Ɗaka: Wa Zai Kai Miki Kayan Kasuwa?

Uwargida, idan a Kusfa kike ko Unguwar Juma ko Kona, ba sai an yi miki bayanin karatun gida ba. A cikin ganuwar Zariya, tun kafin rana ta fito ake jin yara suna biya allo a zaure, iyayensu mata kuma suna ciki da allura da zare suna ɗinkin hula ko aikin babbar riga. Karatu da sana'a sun daɗe suna zaune gida ɗaya a nan.

Addini ma ya ba ki gurbi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da aikin hannunta take ciyar da mijinta da yaran da ke hannunta, aka kuma yi mata albishir da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kai ilimi har cikin gidaje ta hanyar 'Yan Taru, jajis suna zuwa wurinta su koya, su koma su koyar da matan da ba su iya fita.

Inda gizo ke saƙa shi ne talla. Kin soya awara, kin dama kunun aya, kin murza taliya, to wa zai kai su bakin titi? A gidaje da yawa amsar ita ce 'yar shekara tara, da faranti a ka, daidai lokacin da sa'o'inta ke aji. Ribar da ta shigo da yamma daga karatun yarinyar aka yanko ta, ba a ma maganar abin da take ji da gani a tasha. Duk sana'ar da ba ta tsayuwa sai da ƙafar 'yarki, ki sake duba ta.

Wayar da kike karanta wannan da ita ta rage wannan larura. Ki ɗauki hoton kayanki da rana, ki sa a WhatsApp, mai saye ya turo kuɗi ta Opay ko Moniepoint, ɗan acaɓa ko ƙanin maigida ya kai. Kayan da ba sa lalacewa da wuri, irin su hula, turaren wuta, ƙuli-ƙuli, yaji da dambun nama, sun fi dacewa da mai koyar da yara, don ba sa tilasta miki sayarwa yau-yau. Ki raba jari da kuɗin cefane, ki riƙa rubuta bashi a littafi ko da na ƙanwarki ne, zubin adashi kuma ya fito daga riba kawai.

Shi kuwa karatun, lokaci tsayayye yake so fiye da dogon zama. Bayan sallar asuba a biya hadda, bayan la'asar a ɗauki rabin awa ana karatu da rubutu. Lissafi kam yana cikin tukunyarki: mudu nawa na gyaɗa aka saya, kwalba nawa ta mai ta fito, nawa ya rage? Yarinyar da ta iya wannan ba za ta ji tsoron ɗebewa da rabawa a aji ba.

Sai dai kada daɗin karatun gida ya sa ki cire su daga makaranta. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara karatun shekara tara na firamare da ƙaramar sakandare. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru tun 1962, mota ɗaya ko biyu daga Ƙofar Doka, amma ba ta karɓar ɗalibi sai da takardar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, da makin JAMB. Idan kuɗin makarantar kuɗi ya gagara, ki sa su ta gwamnati, ki riƙa duba littattafansu kowane dare kafin a kwanta.