Sake Yanka Filaye a Haɗeja: Ina Iyakar Sassauci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Idan magidanci ya rasu a Haɗeja ya bar fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 da magada goma, kowa yana son inda zai fake. Sai a nemi a karkasa fulotin, ko a ɗan matse lungu, ko a cike gefen kududdufi a fitar da ɗaki. Taswirar unguwa ba ta yarda da haka ba, don haka sai a tafi neman sassauci wurin masu iko. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: wane sassauci ne halal, wane ne cin haƙƙin jama'a?

Garinmu yana zaune ne a bakin kogi, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ruwa ba ya saurin barinta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta toshe rassansa da dama. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, mun ga matasa suna kwana a kan jinga da buhunan ƙasa, mun kuma ga abin da ya sami gidaje da gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. A wuri irin wannan, kududdufi da magudanar ruwa kariya ce ga gari baki ɗaya.

Shari'a ba ta hana sake fasalin fili ba. Malaman Malikiyya sun halatta raba gida tsakanin magada matuƙar kowane kaso zai amfanu. Idan kuwa rabon zai lalata amfanin gidan, sai a sayar a raba kuɗin, ko wasu magada su fanshi kason sauran. Wannan mafita ce da muke yawan mantawa da ita, har mu yanka gida gunduwa-gunduwa, babu iska, babu wurin masai, babu mafitar ruwa.

Haka kuma hanya tana da haƙƙinta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hukunta a bar kamu 7 idan aka yi jayayya kan faɗin hanya, wato mita 3 da 'yan kai. A yau da motar kashe gobara da ta ɗaukar majinyaci ke bukatar shiga lungu, hukuma na iya ƙarawa a kan haka don maslaha. Sun kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ƙasa da zalunci, ko da taƙi ɗaya ne. Taƙin da aka ci daga hanya ya fi wuyar warwarewa, domin masu haƙƙinsa ba su ƙirguwa, balle a bi su neman yafiya.

Game da ruwa, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Halifa ya so ya ratsa da ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya umarta a ratsa, saboda akwai amfani kuma babu cutarwa. Malamai sun yi saɓani kan tilasta wa mai fili a irin wannan hali. To amma idan har an yi shari'a kan buɗe sabuwar hanyar ruwa, ina ga mai toshe tsohuwa, ya juya ruwan zuwa ɗakin maƙwabcinsa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka jami'in da ke sa hannu a kan sauya taswira ɗan amana ne. Sassaucinsa yana inganta idan bukatar ta gaskiya ce, maƙwabta sun sani, hanya da magudana ba su ragu ba, kuma talaka mai irin wannan bukata zai samu kamar yadda mai hali ya samu. Wanda aka bayar don sanayya ko na goro, takardarsa ba ta halatta shi a wurin Allah.

Nasiharmu ga magada ita ce su kira malami da ma'aikacin safiyo tare kafin a ja igiya. Mai sayen filin awon igiya ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi. Masu unguwanni da dagatai kada su shaida cinikin da ya ci hanya ko kududdufi. Ɗalibanmu kuma su koma ga babin rabo da na haƙƙin maƙwabtaka a littattafan fiƙihu, domin garinmu yana bukatar masu wannan ilimi.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya kare Haɗeja daga ambaliya. Allah ne mafi sani.