2,147,483,647: Lambar da za ta iya mayar da agogon kwamfuta shekarar 1901

Da misalin ƙarfe 4:14 na asubahin 19 ga Janairun 2038, agogon Najeriya, wasu tsofaffin kwamfutoci za su kai ƙarshen ƙidayarsu. Daga ranar 1 ga Janairun 1970 suke lissafa lokaci daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma a wannan asubahi adadin zai cika 2,147,483,647. Da zarar an ƙara ɗaya, na'urar da ba a gyara ba tana iya ɗauka cewa ana cikin Disambar 1901.

Dalili shi ne irin waɗannan na'urori na ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi na ɗaukar 0 ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar na sama da sifiri ko ƙasa da shi. Ragowar 31 ɗin ba za su iya ɗaukar abin da ya haura wannan adadi ba.

Sai dai masana lissafi sun san lambar tun kafin a yi mafarkin kwamfuta. Idan aka jera 2 har sau 31, aka ninka su da juna, aka cire 1, ita ake samu. Tana cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 7 da 13. Marasa rabuwar da ake samu ta wannan hanya ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa, kuma ita ce ta takwas a jerinsu. Ita ma 31 ɗin ’yar wannan gida ce, domin 32 ce aka cire wa 1.

Leonhard Euler, ɗan Suwizalan, shi ya tabbatar a 1772 cewa ba ta rabuwa, lokacin da idanunsa suka kusa daina gani. Ta shafe kusan ƙarni guda tana riƙe da kambun mafi girma cikin marasa rabuwar da aka sani.

Iyakarta ta taɓa fitowa fili a 2014, sa’ad da masu kallon waƙar Gangnam Style a YouTube suka zarce ta, kamfanin ya sanar cewa ya faɗaɗa ma’aunin ƙidayarsa zuwa gurbi 64.

Ga ma’aikatan tarayya, batun ba na nesa ba ne. Wanda ya kama aiki a 2010 zai cika shekara 35 ta aiki a 2045, bayan wa’adin ya wuce. Duk manhajar da ke ajiye kwanan wata a tsohon tsarin tana iya kuskure wajen irin wannan lissafi tun yanzu. Galibin sababbin na’urori sun koma gurbi 64, amma ya dace kowace ma’aikata ta bincika tsofaffin da take dogaro da su. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.