Gardamar Zaɓen Waƙa A Faifan CD

Tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kunnen kiɗa. Wasu sun dage cewa in aka danna lambar waƙa kai tsaye sautin ya fi fita tangaran, in kuwa aka yi ta tsallake ɗaya bayan ɗaya sai ya dusashe. Ɗan Arewa da ya shiga kasuwar Alaba a Legas neman na'ura ya kamata ya san gaskiyar maganar kafin a raba shi da kuɗinsa.

Asalin tsoron daga garmaho ne. Can allura ke gogar faifai, kuma duk wanda ya saba ɗora ta a tsakiyar waƙar Shata ya san yadda wurin kan lalace. CD kuwa haske ke karanta shi, babu abin da ke taɓa shi. Kiɗan lambobi ne, ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa guda. Kusa da ramin tsakiya akwai jadawalin da ke nuna inda kowace waƙa ta fara, har guda 99. Ko ta wane maɓalli aka bi, wurin nan ɗaya hasken zai sauka, lambobin nan ɗaya zai ɗauko.

To, masu gardamar suna da 'yar hujja. Faifan yana juyawa kamar sau 500 a minti kusa da tsakiya, sau 200 a baki, saboda haka motar na'ura takan yi fama lokacin tsallake, ta ja wuta. Amma faman yakan ƙare kafin kiɗa ya tashi, kuma agogon lantarki ne ke tsara fitar sautin, ba motar ba.

Inda bambanci yake da gaske shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin waƙoƙi. A faifan da aka ɗauka a gaban jama'a, nan ake ajiye tafi ko maganar mawaƙi. Wanda ya bar faifai ya yi ta tafiya zai ji su, wanda ya tsallaka kuwa sun wuce shi. Haka in aka sa na'ura ta gauraya waƙoƙi, kiɗan da aka shirya a haɗe sai ya riƙa yankewa gatsal.