BAYANI: Yadda za ku gane zaƙami idan ya tsiro a gidanku

Da damina ta kankama a Kankiya da Kusada, tsirrai kan fito a garka da bayan ɗaki ba tare da an shuka su ba. Ɗaya daga cikinsu kyan furensa ke sa a ƙyale shi: zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro.

Alamominsa uku ne. Furensa dogo ne mai siffar kakaki, yawanci fari. 'Ya'yansa dunƙulallu ne masu ƙaya, cike da ƙananan iri. Ganyensa kuwa wari yake yi idan aka murza, kuma ba ya tsatso farin ruwa irin na tumfafiya.

Kowane sashe nasa guba ne, musamman irin. Wanda ya ci, bakinsa kan bushe, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, ya shiga sambatu. Wani ma ajalinsa ke nan. Ƙarfin gubar ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, don haka matashin da ke jiƙa shi domin maye caca yake yi da ransa.

Ku tumɓuke shi tun 'ya'yan ba su fashe ba. Idan yaro ya ci, ku garzaya da shi asibiti, ku riƙe reshen domin likita ya gani.